Me ya haɗa ɗalibin kimiyya da falsafa? Fashin baƙi kan kwasa-kwasan GST

Duk farkon samesta sai ka ji ƙorafin nan daga bakin 'yan lebul 100 da 200 na ɓangaren kimiyya, wai mu da muka zo karanta kemistiri ko injiniyanci ko likitanci me ya haɗa mu da falsafa, me ya haɗa mu da al'adun ƙabilun Najeriya da sasanta rikici. Wasu ma cewa suke an ƙirƙiro kwasa-kwasan nan na GST, wato darussan bai-ɗaya da ake wajabta wa kowane ɗalibi ko me yake karanta, kawai don a sayar da handawut a kuma ja wa mutum keri-oba, wato faɗuwa da maimaita kwas, a banza. Ni dai ina ganin akwai gaskiya a cikin ƙorafin, amma ba a inda ɗalibai ke nuna yatsa take ba. Tunanin da ya haifar da kwasa-kwasan daidai ne, yadda muke koyar da su ne ya kashe su, kuma abu biyu ne daban da ya kamata a raba.

Bari mu fara da inda abin ya samo asali. Jami'ar farko a ƙasar nan, ta Ibadan da aka buɗe a 1948, tsarin Ingila ta bi, wato ka shigo ka kama fanni ɗaya ka nutse a ciki har ka fita. Da aka buɗe jami'ar Nsukka a 1960 sai aka ɗauki wata hanya daban. Nnamdi Azikiwe a Amurka ya yi karatu, kuma jami'ar jihar Mishigan ce ta taimaka wajen tsara makarantar, su kuwa Amurkawa al'adarsu ce kowane ɗalibi sai ya ɗanɗana wani abu daga wajen fanninsa kafin a ba shi digiri. Daga nan karatun bai-ɗaya ya shigo mana. Daga baya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar da mafi ƙarancin ma'aunin karatu a 1989, abin ya zama dole a ko'ina, sunan ne kawai ke canzawa, a ABU Zariya ka ji ana cewa GENS, a Bayero ana cewa GSP, yawancin sauran kuma GST. A ƙarshen 2022 hukumar ta ƙaddamar da sabuwar manhaja da ake kira CCMAS, ta rage waɗannan kwasa-kwasai suka koma guda 6 masu yunit 12 gaba ɗaya: Turanci, al'ummomi da al'adun Najeriya, falsafa da manɗiƙi (ilimin gina hujja da tantance ta), zaman lafiya da sasanta rikici, sai biyu na koyon kasuwanci da kafa sana'a. A cikin tsarin kuma hukumar ce ke tsara kashi 70 na manhaja, an bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ta ga ya dace da ita. Ku riƙe wannan kashi 30 ɗin, za mu dawo kansa.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. MIT ta Amurka, wadda duk mai son injiniyanci ya san sunanta, ba ta ba ɗalibi digirin farko sai ya yi darussa 8 a fannonin adabi, fasaha da zamantakewa. Ba don suna da lokacin ɓatawa ba ne.

To me ake nema ɗalibin kimiyya ya samu? A ganina abu biyu ne, kuma na farkon shi ne wanda aka fi mantawa da shi: yadda ake sanin cewa abu gaskiya ne. Kimiyya ba tarin amsoshi ba ce kawai, hanya ce ta bincike, amma mu tun daga sakandare amsoshin ake ba mu. Duk wanda ya taɓa shiga lab ɗin fizis na shekarar farko ya san abin da nake nufi. Ana ba ku zare da ɗan ƙarfe ku rataya, ku kaɗa shi, ku ƙirga lokaci da agogo, ku fitar da ƙarfin jan ƙasa. Kowa ya san amsar da ke littafi 9.8 ce. Sai gurup ɗinku ya lissafa ya samu 11 da wani abu, nan take sai wani ya ce kai a gyara, a ɗauko kalkuleta a faro daga 9.8 a koma baya a ƙirƙiri lambobin da za su dace, a zana giraf mai kyau a miƙa, a ci maki. Babu wanda ya tsaya ya ce me ya sa muka samu 11, zaren ne muka auna ba daidai ba, ko mai riƙe da agogo ne ke makara, ko mun kaɗa shi da faɗi da yawa. Alhali wannan tambayar ita ce kimiyyar, sauran duk lissafi ne. Yaron da ya saba da haka shi ne zai zo shekarar ƙarshe ya zauna a ɗaki ya cike kwashinaya 200, wato takardun tambayoyin da ya kamata jama'a su amsa, da hannunsa don furojet, kuma shi ne gobe za a ba shi gwajin ƙarfin kankare na ginin bene ko gwajin ruwan leda ya sa hannu. Wannan ba matsalar ƙarancin kayan aiki ba ce kawai, matsala ce ta rashin fahimtar me ya sa sakamakon da bai yi maka daɗi ba yake da daraja, kuma wannan darasin falsafar kimiyya ne tsantsa.

Ga misali da kowa zai gane. Shekaru da yawa likitocin duniya sun tafi a kan cewa gyambon ciki, olsa ɗin nan da ta addabi mutanenmu, damuwa ce da yawan sinadarin asid ke kawo ta, kuma an yi ittifaƙi ƙwayar cuta ba za ta rayu a cikin tumbi ba. Wasu likitoci biyu a Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka ce sun ga ƙwayar cuta kuma ita ce sanadin yawancin gyambon. Aka ƙi yarda da su, har a 1984 Marshall ya sha ƙwayar da kansa ya kamu da kumburin ciki don ya nuna. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ɗalibin da aka zauna aka tattauna wannan labarin da shi zai fita da abu biyu masu kamar suna karo da juna: manyan masana na iya haɗuwa a kan kuskure, amma kuma ba da surutu ko zargi ake ture maganarsu ba, da hujjar da wani zai iya maimaitawa ya gani ake yi. Wanda bai samu wannan horon ba ɗayan biyu yake zama, ko ya haɗiye duk abin da ke littafi, ko kuma ran da ya gano littafi na kuskure ya watsar da komai ya koma bin saƙonnin WhatsApp. Kuma wallahi muna ganinsu, masu digirin kimiyya suna tura saƙon cewa wance ta sha kaza ta warke saboda haka kaza magani ne, ba tare da tambayar mutum nawa suka sha ba su warke ba, ko nawa suka warke ba su sha komai ba.

Abu na biyu shi ne mutane. Duk abin da ka karanta, a cikin jama'a za ka yi aikinsa, kuma a nan Arewa mun biya kuɗin wannan darasin da tsada sosai.

A 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke, dubban mutane suka mutu. Kamfanin Pfizer ya zo Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara kusan 200, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar ba maganin ba, iyaye kuma suka ce ba a taɓa gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ka ajiye batun wa ke da gaskiya game da maganin. Tambayoyin da suka rage ba na kemistiri ba ne: uwar da ɗanta ke sanƙarewa a hannunta, ba ta iya karatun boko ba, likita ya ce kawo shi, shin ta amince ne ko dai ba ta da zaɓi? Wa ya kamata ya duba ya ba da izini kafin a fara? Ya halatta a yi gwaji a tsakiyar annoba? Waɗannan su ne ainihin abin da ake kira ɗa'ar bincike, kuma akwai ma'aikatan lafiya 'yan ƙasa da aka yi aikin tare da su, ba baƙi kaɗai ba ne a wurin.

Abin bai tsaya nan ba. A 2003 da jita-jita ta bazu cewa allurar shan inna na ɗauke da sinadarin hana haihuwa, Kano da wasu jihohi suka dakatar da rigakafin, kuma labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Sai a watan Yulin 2004 Kano ta dawo, bayan an samo maganin daga Indonisiya, ƙasar Musulmi. A tsakanin nan cutar ta bazu ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Maganin bai canza ba a kimiyyance, yarda ce ta karye, kuma abin da ya gyara ta ba sabon bincike a lab ba ne, shigowar sarakuna da malamai da masu unguwanni ne da matan da ke shiga gida-gida suna magana da iyaye mata da harshen da suke ji. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Likitan da ya fita jami'a yana ganin duk wanda ya ƙi allura jahili ne kawai, bai san tarihin da ya sa mutumin ke tsoro ba, ba zai iya shawo kansa ba ko da kuwa shi ne ya fi kowa maki a ajinsu.

Injiniyoyi ma suna da nasu. Madatsar ruwan Bakolori kusa da Talata Mafara, da aka kammala a 1978, a takarda aiki ne mai kyau, ruwa zai taru a yi noman rani. Amma an tashi dubban manoma daga gonakinsu, batun diyya ya cakuɗe, waɗanda ke ƙasan kogin kuma da suka dogara da ambaliyar shekara-shekara don noman fadama suka wayi gari ruwan ba ya zuwa yadda ya saba. Manoma suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta aka rasa rayuka. Lissafin kankare bai yi kuskure ba, madatsar na nan tsaye har yau. Abin da ba a lissafa ba shi ne wa ke da gona, yaya ake gadonta, wa ke ci daga fadama. Haka gubar dalma a Zamfara a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda yara aƙalla 400 suka mutu saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Gano gubar a jini aikin lab ne kuma bai ɗau lokaci ba. Amma ka je ka ce wa magidancin da zinariya ta fi masa noma samu nesa ba kusa ba ya daina, ka ga ko zai saurare ka. Sai da aka fahimci yadda rayuwar garuruwan take, aka nemi hanyar fitar da niƙan daga cikin gida maimakon a ce a bar sana'ar gaba ɗaya.

Yanzu ga batun da ake faɗa a ɗakin kwana ba a cika faɗarsa a aji ba: tsoron cewa falsafa na gurɓata aƙida. Ban raina wannan damuwar ba, domin akwai malamin da zai shigo aji ya jefa wa yara 'yan shekara 18 tambaya kan samuwar Ubangiji ya fita ya bar su ba tare da ya nuna musu yadda masana suka tattauna ta ba, kuma wannan ba koyarwa ba ce. Amma ya kamata mu san muhawarar nan ba Turawa suka kawo mana ita ba. Malamai irin su Ibnus Salah da Nawawi sun hana karatun manɗiƙi, Imam Gazali kuwa, wanda ya yi wa masana falsafa raddi mai zafi, shi ne kuma ya ce wanda bai san manɗiƙi ba ba a amince wa iliminsa. Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya yi musayar baitoci da Suyuɗi a kan wannan mas'alar, Magili na kare manɗiƙi Suyuɗi na suka. Littafin Sullam na Al-Akhdari kuwa an daɗe ana karanta shi a zaurukanmu. Ibn Rushdi alƙali ne, likita ne, masanin falsafa ne a lokaci guda. Abin takaici shi ne handawut ɗin GST zai faro daga Girka ya bi ta Faransa da Jamus ya ƙare, da ƙyar ka ga sunan ɗaya daga cikin waɗannan, sai yaro ya ɗauka ilimin tunani kayan aro ne da ya zo ya raba shi da addininsa. Da an faro masa daga abin da ya sani, rabin tsoron da ya tafi.

Akwai wani haɗarin kuma da ya kamata a faɗa don adalci, wato a mayar da irin waɗannan darussa hanyar cusa ra'ayin gwamnati. A tsohuwar Tarayyar Sobiyet kowane ɗalibin jami'a, ko fizis yake karantawa, dole ya yi tarihin jam'iyyar kwaminis da falsafar Markisanci, ba don ya yi muhawara ba, don ya haddace ya maimaita. A can ne Trofim Lysenko ya samu goyon bayan hukuma har a 1948 aka haramta koyar da ilimin ƙwayoyin gado da sunan ya saɓa wa aƙidar ƙasa, babban masanin tsirrai Nikolai Vavilov kuma ya mutu a kurkuku a 1943. Saboda haka sanya falsafa a manhaja kaɗai ba ya nufin an koyar da tunani. Idan haddar amsa ɗaya ce, ko me aka kira kwas ɗin, akasin manufar ake samu.

Kuma a nan ne gizo ke saƙar a wurinmu. Mu ba aƙidar jam'iyya ake cusa mana ba, amma hanyar ita ce dai hadda. Ka leƙa lakcar GST a yawancin jami'o'in gwamnati: ɗalibai daga tsangayoyi uku ko huɗu an haɗa su a ɗakin taro ɗaya, wasu a kan taga, wasu a tsaye a baya, malami na magana da lasifikar da ke yankewa, na gaba ne kawai ke ji. Bayan sati biyu rabin ajin sun daina zuwa, sun ce wa kilas-ref ya rubuta musu suna. Saura kwana uku jarabawa kowa ya nemi fas-kwashin, wato tambayoyin shekarun baya, ya haddace, a shiga CBT, jarabawar kwamfuta, a danna A ko B, wa ake kira uban falsafa, rassan falsafa nawa ne, a fito a manta. Ta yaya za ka gwada ko mutum ya iya gina hujja ko gano ruɓaɓɓiyar hujja da tambayar zaɓi ɗaya cikin huɗu? Ba laifin malaman ba ne kacokan, mutum ɗaya ba zai iya duba rubutun ɗalibai dubu ba, kuma jami'o'i da yawa a Arewa ba su da sashen falsafa mai zaman kansa, sai a ɗauko malami daga wani sashe a ɗora masa a kan aikinsa. Ga kuma kalandar da yajin aiki ke matsewa, kamar na 2022 da ya ci wata 8, in an dawo ana gudu ne, abin da ake fara yankewa kuwa shi ne GST.

Sannan lokacin da ake ba da kwasa-kwasan ma bai dace ba. Yaron da ya shigo jiya, tun SS1 aka raba shi da adabi da gwamnati aka ce shi ɗan sayans ne, bai taɓa yin bincike ba, bai taɓa ganin mara lafiya ba, ka ce za ka koya masa ɗa'ar bincike, ba shi da abin da zai rataya maganar a kai. A lebul 300 ko 400, bayan ya je SIWES, wato koyon aiki a aikace, ya ga yadda ake aiki a ma'aikata, ya ga inda ake yanke hanya, a lokacin ne tambayoyin za su yi masa ma'ana.

Shi ya sa na ce a riƙe kashi 30 ɗin nan. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi ƙorafi a kan CCMAS cewa hukumar NUC ta ƙwace aikin majalisun jami'o'i, kuma ƙorafin na da tushe, amma ko a cikin abin da aka bari akwai wurin yin aiki. Babu abin da ya hana tsangayar injiniyanci ta tsara kwas ɗaya a shekara ta huɗu da za a ɗauki Bakolori, ko yadda madatsun Tiga da Challawa suka canza rayuwar masunta da manoman dausayin Haɗeja da Nguru, a karanta tun daga zane har zuwa ƙorafin mutanen ƙauye, malamin injiniyanci da na zamantakewa su shiga ajin tare. 'Yan likitanci da famasi su ɗauki Trovan, a raba su gida biyu, wasu su kare kamfani wasu su kare iyaye, kowa ya kawo hujja a rubuce. 'Yan kwamfuta su tattauna wa ya mallaki bayanan da ake karɓa a wurin mutane lokacin rajistar NIN da BVN da layin waya, da me zai faru in sun fita. 'Yan kemistiri da ilimin ma'adinai su ɗauki Zamfara. Manɗiƙin da ake bayarwa a lebul 200 kuma a bar shi, amma a cika shi da misalai daga tallan maganin da ake yi da lasifika a kasuwa da saƙonnin da ke yawo a waya, a ce wa ɗalibi nuna min inda hujjar nan ta karye.

Na san tambayar da za ta biyo baya ita ce wa zai duba rubutun. Amsar da nake gani ita ce ɗaliban digiri na biyu da na uku, a ba su ƙananan rukunai na mutum 30 ko 40 su riƙa zama da su sau ɗaya a sati, a biya su alawus ko a rage musu kuɗin makaranta, kamar yadda jami'o'in waje da yawa ke yi. Zai ci kuɗi, amma ba ya buƙatar izinin Abuja, majalisar jami'a ce za ta zauna ta amince, shugaban tsangaya ya sa shi a jadawalin samesta mai zuwa.